Ranar da Babanku Ya Rufe Rami

Ku matso nan, ku ukun. Babba, kashe wayar nan, ofishinku ba zai rushe ba don ka saurari uwarka. Ke 'Yar Tsakiya, zauna a kan kujera, ba a kan yadin mutane ba. Auta, tun daga ƙofa na ga bakinka yana rawa, wato mai aski ya riga ni ba ka labari. To abin da ya ba ka rabi ne, rabin ma sai da ya yi masa gyaran fuska. Ni zan ba ku cikakke, don shari'a na kira ku ku yanke, ba gaisuwa ba. Ga makullin shagon nan na ajiye a kan keke. Kafin ku tashi, ko dai ya koma jakata, ko ya shiga aljihun babanku. Yana ɗaki yana jin mu. Ya ce ba zai fito ba sai an kira shi a matsayin mai ƙara.

Kun san shagon nan. Shekara talatin da ɗaya ina taka keke a gindin tagar nan, don ita kaɗai ce a gidan take ba ni hasken da zan zura zare ba tare da na kira wani ba. Kun kuma san babanku: shekara talatin yana ƙirga noti da ƙusa a siton kamfani, bai taɓa ɗaure ko ɗaya ba. Da ya yi ritaya, wata uku yana bin cokulana yana jera su bisa tsawo. Na yi haƙuri. Sai kai Babba ka saya masa waya mai babbar fuska, saboda haka kai ma da hannunka a ciki.

A wayar ya ga wani mutum ya narka gwangwani, ya zuba a akwatin yashi, ya fasa yashin, sai ga tayar inji ta fito tana ƙyalli. Ya kalla sau bakwai, ya ajiye wayar, ya dube ni.

“Wannan ai wasan yara ne. Ashe duk shekarun nan a kan baiwa nake zaune ban sani ba.”

Na ce, “Ita ce ta danne ka, ko kai ka danne ta?”

Kafin sati ya kewayo ya shafe cikin tsohon bokiti da yumɓu, ya huda gefensa, ya zura bututu, ya cika shi da gawayi. Abin hura wuta kuwa, handirayar busar da gashi da kika bari ce, 'Yar Tsakiya, kada ki sake tambayata ina take. Ya kafa kayansa a bayan gida kusa da igiyar shanya, ya sanar da layi cewa daga yau sunansa Injiniya. Ni kuma a ranar na kwashe tukwanena na sa musu kwaɗo.

Abin da ya fara zubawa hannun ƙofar banɗaki ne. Ya fito kamar ɗanyar citta. Ya ɗaura shi a haka, gwaggonku ta zo yini, ta shiga, ta ja ƙofa, hannun ya biyo ta. Awa guda tana ciki tana salati kafin mai walda na maƙwabta ya zo ya kwance ƙofar. Da ta fito, kun san me ta ce? Wai ƙofar ce ta tsufa, amma aikin ƙaninta ba shi da laifi.

Wannan yabon ne ya hau masa kai. Da yamma ya shigo nan, ya tsaya a tsakiyar shago yana auna bango da taku.

Na ce, “Malam, lafiya? Wani abu ya faɗi?”

“Masana'anta ba ta zama a bayan gida kusa da shanya. Ƙofa take so a bakin titi, inda jama'a za su gani. Ke sai ki mayar da kekenki lungun cikin gida, ai ɗinki ba ya buƙatar 'yan kallo.”

“Yana buƙatar haske.”

“Zan zuba miki fitila.”

Na ce, “Ka fara yin abu guda ɗaya tak mai amfani, sannan mu yi maganar shago.”

Bayan kwana biyu motar yashi ta yi ribas a ƙofar shagon nan, ta taka murfin ramin kwata, wannan zagayayyen na baƙin ƙarfe da kuka taso kuna tsalle a kai, ta raba shi biyu. Rami ya buɗe baki daidai inda masu kawo mini ɗinki suke sa ƙafa. Na ɗauko tef na auna don a yanko mini katako: murfin inci sha shida ne, bakin ramin sha biyar, wato rabin inci yake hawa a kowane gefe. Ku riƙe wannan lissafin, shi ne gaba ɗaya labarin.

Mai walda ya leƙo ya ce, “Mama, ina da guntun faranti, kafin ki gama rigar nan na yanko miki.”

Sai ga babanku kamar an jefo shi. “Kai, dakata! Faci za ka yi mana a ƙofar gida? Alhali akwai injiniya a cikinsa? Zubi zan yi. Sabon murfi fil, na sanholo, wanda jikokin jikoki za su taka.”

Mai walda ya ce, “Allah ya ba da sa'a, Baba,” ya koma yana murmushi. Wannan mutumin ya fi son kallo da aiki.

Babanku ya zaunar da ni ya yi mini darasi, ban tambaye shi ba. Akwati biyu ne, na ƙasa da na sama. A cika su da yashi mai ɗan danshi wanda aka cakuɗa da yumɓu, a binne abin da ake son kwaikwayo a tsakiya, a daddage, a raba akwatin, a zare shi a hankali, sai ya bar gurbinsa. A mayar a rufe, a zuba narkakken ƙarfe ta wata 'yar ƙofa, ya cika gurbin. Abin da ake binnewar shi yake kira uwa, wanda ya fito kuma ɗa.

Ya haɗa ɓarayin tsohon murfin ya yi uwa da su. Ɗan danshin da aka ce, shi rabin bokiti ya kwara, wai don ya kama sosai. Ina cikin yanka da hantsi na ji ƙara kamar taya ta fashe. Na fita na tarar da bayan gida ya cika da tururi, yashi har kan kwano, zannuwana biyu da ke kan igiya sun koma gidan sauro, babanku yana tsugune a bayan randa da awartaki a hannu. Mai aski ya shigo a guje, wanda yake yi wa aski yana biye da shi, rabin kai fes rabi daji.

“Injiniya! Wa ya mutu?”

Babanku ya miƙe yana kakkaɓe gira. “Ba wanda ya mutu. Iska ce take fita. Haka ake so.”

Da ya huce aka fasa yashi, murfi ya fito zagayayye, amma duk huji, kamar rariya. Mai aski ya ɗaga shi ya leƙa ni ta ciki. “Mama, ina ganin ki sarai. Wannan in an rufe rami da shi, sauro ma ba sai ya sunkuya ba.”

Babanku ya ƙwace, ya kai shi ƙofar shago, ya ɗora a kan ramin. Murfin ya zauna, yana ɗan girgiɗi.

“Kun gani? Girma ya yi daidai. An gama da wannan. Saura kyau.”

Wannan shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da ya gwada murfi a bakin ramin kafin ranar da ya tara jama'a.

Washegari ya toshe hujojin da laka ya ce sabon murfin shi zai zama uwa, don ya fi sauƙin ɗauka kuma ba shi da tsaga. Ɓarayin tsohon kuwa ya ba mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya karɓi buhun gwangwani da matattun fistin na mota. Kafin ya binne sabon murfin na ɗora masa tef. Sha biyar da kwata uku.

Na ce, “Malam, ɗan nan bai kai uwarsa ba. Kwata ya ragu.”

“Wane kwata?”

“Kwatan inci. Ya tsuke.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Tsukewa! Ƙarfe ne fa, ba yadi ba ne da za a wanke ya ɗage.”

“Wanda aka wanke da ruwan sanyi ma ya ɗage, balle wanda aka yi wa wanka da wuta. Kuma ni ko rigar yaro zan yanka, daga ta asali nake ɗauka. In ka yanka daga wadda ka kwafa, ka sake yankawa daga ita, a ta biyar sai dai a sa wa kyanwa.”

“Tef ɗinki ne ya saki. Shekara nawa kina jan sa a ƙugun mata?”

“Shi ne dai nake auna naka ƙugun da shi, kuma wandonka bai taɓa faɗuwa ba.”

Ya ce ilimin tela daban, ilimin injiniya daban, in koma kan kekena tun ina da shi a bakin taga.

Ga kuma dabarar da ya fi alfahari da ita. Da ya danna uwar a yashi ya zare, sai ya farfasa ta ya jefa a tukunyar narki. Wai babu asara, uwa ta gama aikinta, ta koma wuta ta haifi kanta. Saboda haka ba a taɓa samun biyu a lokaci guda ba, balle a ɗora wannan a kan wancan a ga bambanci. Shaidar da ta rage a duniya ita ce ni da tef ɗina, mu kuwa an riga an kore mu.

Zubi na biyu ya gyara yashi, amma ya manta bai ɗora nauyi a kan akwatin sama ba. Ƙarfe ya shiga, ya ɗaga akwatin, ya ɓullo ta gefe yana sheƙi, ya nufi ƙafafunsa kamar ya san mai shi. Ban taɓa sanin babanku ya iya rawa ba sai ran nan. Ya yi tsalle hagu, ya yi dama, silifas ɗaya ya manne a ƙasa yana hayaƙi, shi kuma ya faɗa bahon wankina da ƙafa biyu, ya tsaya a ciki kumfa har gwiwa.

Na ce, “Wannan ma iska ce take fita?”

“Gwaji ne. Ina duba gudun ƙarfen.”

“To ya fi ka gudu.”

Murfin ya fito da wani leɓe zagaye da shi kamar an yi masa leshi. Kwana biyu yana gurzar bakinsa da magagari, haƙoran layin nan duk sai da suka mutu. Na ɗora tef yana wanka. Sha biyar da rabi.

Da a nan ya tsaya, wallahi da yanzu ina lungu ina neman kafar allura a duhu, don murfin ba laifi, kuma da zai hau ramin. Mai aski ne ya cece ni ba da niyya ba. Ya zo ya shafa shi ya ce, “Injiniya, aiki kamar wannan babu suna? Gobe wani zai ce shi ya yi.”

Babanku ya dubi sama. Na san an gama.

Ya yanko haruffa daga ragowar silifas ɗin, ya zauna yana manna su a kan murfin daga dama zuwa hagu, kowanne a juye.

Na ce, “Me ya sa kake sa su a baibai?”

“Abin da ba ki sani ba ke nan. Ni na yi odar hatimin ofis ya fi sau goma. Duk abin da za a buga, a juye ake rubuta shi.”

“Hatimi sau ɗaya yake juyawa, daga roba zuwa takarda. Naka sau biyu ne, daga uwa zuwa yashi, daga yashi zuwa ƙarfe. Riga in ka juya ta, ka sake juya ta, ina ta koma?”

“Kin taɓa aiki a ofis?”

“A'a.”

“To.”

Ranar da ya fasa yashin na uku ya kira mai walda da mai aski su zama shaida. Ya goge murfin da tsumma, ya ja da baya ya harɗe hannu. Mai walda ya sunkuya, ya karkata kai, ya karanta a hankali.

“A… yi… nijni. Baba, mene ne nijni?”

Mai aski ya ce, “Umarni ne ai. An ce a yi. Mu dai a faɗa mana yadda ake yi, mu yi.”

Ya ruga shagonsa ya ɗauko madubi ya kara a gefe, sai ga INJINIYA ya fito tsaf. Ya ce, “Ka ga ka kawo mini kasuwa. Duk mai son sanin wanda ya yi murfi, sai ya zo wurina ya yi aski tukuna.”

Kafin la'asar sunan ya gama layi. Mai shagon kayan masarufi ya gaishe shi da Baba Nijni, mai kawo ruwa ya ce Nijni ina gajiya. Babanku ya ce da gangan ya yi, don masu mota su karanta ta madubin gefe. Amma dai ya kankare haruffan, ya yanko wasu. Na ɗora tef. Sha biyar da kwata.

Na same shi na ce, “Ka ji tsoron Allah ka kai abin nan bakin rami ka gwada. Taku goma ne.”

“Na gwada tun na farko. Ƙarfe ba ya canza magana. Tsoro ne ya kama ki, kin ga shago yana tafiya.”

Zubi na huɗu, gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Ba ƙara, ba rawa, ba huji. Suna ya fito daidai, ya goge shi har ina ganin ɗankwalina a ciki. Ni kaina sai da na ce a raina ashe tsohon nan in ya nutsu yana iyawa. Na ɗora tef. Sha biyar, da abin da bai fi kaurin allura ba.

Ran Asabar da safe ya aro benci biyu ya jera a ƙofar shago. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa taron ritaya. Ya lulluɓe murfin da yadin da wata ta kawo mini ɗinkin labule, ya sa gwaggonku ta zauna a gaba don ita za ta yaye. Layi ya fito kaf, har masu wucewa suka tsaya, suna zaton rabon wani abu za a yi.

Ya yi jawabi. Ya ce ƙasashen da suka ci gaba da haka suka fara. Ya ce akwai waɗanda suka yi masa dariya, akwai kuma waɗanda suke cin abinci tare da shi amma suna bin aikinsa da tef a ɓoye. Ya ce bayan murfi zai zuba ƙyauren gida, bayan ƙyaure injin mota, kuma duk a wannan shagon da ke bayansa.

Gwaggonku ta yaye yadi, aka tafa. Babanku ya cire katako, ya sunkuya, ya ɗora murfin a hankali. Murfin ya zauna. Yadda ƙuda yake zama a bakin kofi, haka ya zauna. Mai walda ya dube ni, na dube shi, ya matsa gaba don kada wani ya tare masa.

Na ce, “Malam, ya isa. An gani, an yaba. Kada ka hau.”

Ya juya ga jama'a. “Kun ji ko? Kada in hau! To ki faɗa a gaban mutane, shago nawa ne ko ba nawa ba?”

Raina ya ɓaci, na ciro makulli na ɗaga. Na ce, “Ga shi kowa yana gani. Ka rufe ramin nan, rufewar da ba ta motsi, shago naka ne.”

“Kun shaida?”

Aka ce an shaida.

Ya tattare riga, ya ɗora ƙafar dama. Shiru. Ya ɗora ta hagu. Shiru. Ya buɗe hannuwa kamar mai shirin tashi sama, ya ce, “Ko giwa ce…” ya ɗan yi tsalle.

Murfin ya tafi. Babanku ya bi shi. Muka ji ƙarar ƙarfe a can ƙasa, da ɗan fantsamar ruwa, amma shi bai kai ƙasan ba. Bakin rami inci sha biyar ne, zagayensa bai wuce arba'in da bakwai ba, ƙugun babanku kuwa hamsin da biyu ne, ni nake ɗinka masa wando. Ya tsaya cak a daidai cibiya, babbar riga ta baje a kan titi zagaye da shi kamar an kifa lema, hula ta rufe ido ɗaya.

Gwaggonku ta ɗora hannu a ka. Sauran jama'a kuwa, wasu sun faɗo daga benci. Wanda ya fara samun bakin magana mai aski ne.

“Injiniya, yanzu nijnin ke nan aka yi?”

Na ce wa mai walda, “Ku kama shi ku ciro, kafin jini ya taru masa a ka.”

Suka kama hannuwansa. Sai ya fizge.

“Kada wanda ya taɓa ni! Ku tsaya tukuna.” Ya gyara hula, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya daga can ƙasa inda yake. “Tambaya zan yi. Ramin nan, a rufe yake ko a buɗe?”

Jama'a suka dubi juna.

“Na ce a rufe yake ko a buɗe?”

Gwaggonku ta share hawaye ta ce, “A rufe yake, ɗan'uwana. Ruf.”

“Yana motsi?”

Mai aski ya ce a bari ya gwada, kada a zalunci kowa. Ya ɗage rigar, ya tura shi ta gaba, ya tura ta baya, ya ɗebo ruwa a kofi ya zuba zagaye da cikinsa. Ruwan ya kwanta a wurin, ko ɗigo bai wuce ba. Ya miƙe ya ce, “Jama'a, ni dai tun da nake a layin nan ban taɓa ganin ramin nan ya rufu haka ba. Ko wari ba ya fita.”

Babanku ya miƙo mini hannu. “Makulli.”

Na ce, “Murfi aka ce.”

“Ba ki ce murfi ba. Cewa kika yi ka rufe. Wa ya rufe? Ni. Mai walda, ta ce murfi?”

Mai walda ya sosa ƙeya. “Gaskiya, Baba, kalmar murfi ba ta fito ba. Amma kuma Mama, ni a fahimtata…”

“Ba a tambaye ka fahimta ba!”

Nan layi ya rabu biyu a kansa, shi yana tsakiya rana tana dukansa, ƙafafunsa suna lilo a cikin kwata. Masu cewa magana magana ce, da masu cewa mutum ba murfi ba ne. Wata mai kawo mini ɗinki ta zo, ta kewaye shi, ta ce sannu Baba, ta shiga shago, ta ce yau ne kawai ta shigo hankalinta kwance.

Na jawo kujera na zauna a gabansa. Na ce, “To na yarda. Muddin ramin yana rufe, shago naka ne. Ka zauna. Za a riƙa kawo maka abinci nan. In an yi ruwa zan sa a kafa maka rumfa.”

“Ba ki ce har yaushe ba!”

“Kai ma ba ka tambaya ba.”

Ya yi kusan awa guda yana jayayya. Abin da ya kawo ƙarshenta wani abu ne da ya taɓa masa ƙafa a can ƙasa, har yau bai faɗi ko mene ne ba. Ya ƙwala ihu ya ce a ciro shi amma a rubuta cewa bai janye ƙara ba. Na ɗauko almakashi na yanke bel, na juye kwalbar man kekena gaba ɗaya a zagayen cikinsa, aka ƙara da ruwan sabulu. Mai walda ya kama dama, mai aski hagu, wasu biyu suka kama su. Da aka ja na uku ya fito da ƙara kamar an buɗe kwalba. Wandon bai fito ba. Da yadin labulen mutane na naɗe shi na shigar da shi gida, yana tafe yana cewa kowa ya riƙe abin da ya gani.

Yau kwana tara ke nan. Katako ya koma kan rami. Mai walda ya yanko farantinsa, babanku ya hana a ɗora, wai za a ɓata shaida. Kullum da safe sai ya zo ya tsaya a ƙofar nan ya yi sallama kamar baƙo, ya tambaya ko mai haya ta shirya tashi. Gwaggonku ta daina gaishe ni. Rabin layi in sun wuce sai su ce, Mama, a cika alkawari.

To ga ku, ga makulli. Ni ban taɓa cin alkawari ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Idan kun ce abin da ya yi rufewa ne, zan kwashe kekena yau ɗin nan, amma da sharaɗin ramin ya kasance a rufe duk lokacin da shago yake buɗe, kuma da abin da aka rufe shi ran nan. Idan kun ce ba rufewa ba ne, ku shiga ku faɗa masa da bakinku, ni na gaji. Auta, share hawayen dariyar nan ka je ka kira mai ƙara. Ku raba mu. Sai dai duk wanda ya goyi bayansa a cikinku, ya sani shi zai riƙa zuwa kullum da yamma yana ciro shi, kuma ya taho da nasa man.